Jitar Da Aka Auna Da Kara

Wani ne, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, babbar magudanar ruwan ban gonaki, can wajen Managil. Namiji ƙato, gemu ya cika haɓa, ga hawasha ta gado, gonar da ruwa ke zuwa har bakinta ba sai an ɗaga kai an dubi sama ba. Amma shi ba noma ya sa gaba ba. Kiɗa. Kiɗan ma da zai tsaya kan abu ɗaya, da sai a ce to, sana'a ce. Ina! Bai taɓa kai abin kiɗa daga shuka zuwa girbi ba.

Da ƴan ganguna biyu ya fara, masu manne da juna kamar tagwaye. Ya hana gari baccin rana. Kafin dawa ta fid da kai ya ce tafinsa na zafi, kuma ganga ba ta mutum mai tunani ba ce. Ya kawo udu, mai ciki kamar rabin kabewa. Ya ce udu na sa shi kuka. Ya kawo akodiyon, wadda ake ja ana matsewa kamar zugazugi, ya ce tana ja masa gashin ƙirji. Ya kawo begila irin ta soja, ya busa sau ɗaya a bayan gida, jakunan ƙauyen duka suka amsa. Ya kawo kamanja, gogen Larabawa. Ya kawo ogan mai haƙora fari da baƙi. Duk abin da ya samu a ɗibar auduga can yake ƙarewa.

Uwarsa, Hajja Asabe, ba ta yin faɗa a kan wannan. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta tsaya musu da shi. Jira take yi. Ranar da ya jingine abu ya daina dubansa, ranar abin ya shiga aikin gida. Gangunan nan, ɗaya ta gishiri, ɗaya ta busasshiyar kuɓewa. Udu an cire mata tsirkiya, kaza tana kwanci a ciki. Akodiyon ita ke hura gawayi in za a yi kisra, wainar dawa mai faɗi, kuma duk unguwar ba mai zugazugi kamarta, tana hura wuta tana kuka. Begila ta zama mazurarin kananzir. Bakan kamanja da shi take shiɓar auduga. Ogan yana bisa rufin ɗaki, ana shanya tumatir a kansa.

Abu ɗaya ne ya dame ta. Tun shekarar da guguwa ta ɗauke ƙyauren ɗakin awaki, ɗakin yake buɗe. Awaki su fita su ci ƙullun maƙwabta, su shiga gonar mutane, a zo a yi mata tsaye a ƙofa. Kullum da safe sai ta ce da bango, don shi ba ta dubansa:

“A gaya wa wanga, ɗakin awaki ba shi da ƙyaure.”

Shi kuma ya ce, “Gobe, Inna. Yau ina cikin nazari.”

To, akwai Muzammil, mai ƙungiyar kiɗan biki, wanda ke zagaya ƙauyuka da lasifika a bayan mota. Ya ɗauki mutuminka ne don yana da ƙarfin ɗaukar kaya, ya ba shi wuri a gefen dandali. Wurin nan kuwa shi ne ransa. Da shi yake taƙama a wurin mai shayi, da shi ƴanmata suka san yana duniya. Sai dai kowane biki da sabon abu yake zuwa, kuma a tsakiyar bikin mutane yake fara koyo.

Wata rana suka je biki Managil, sai ga wata ƙungiya daga birni. Cikinsu akwai wani dogo, tsaye a baya kamar turken rumfa. Ya rataya wata jita, amma uwar jitoci, wuya zanƙalele, tsirkiya huɗu masu kauri kamar igiyar guga. Bes suke ce mata. Mutumin ba ya rawa, ba ya murmushi, ido a rufe. Yatsa ɗaya kawai yake motsawa. Dum. Dum dum. Ƙirjin kowa ya ɗauki rawa, kofunan gahawa suna karo da juna a faranti.

Mutuminka ya saki baki. Ya kamo rigar Muzammil.

“Ya zol, kai mutum, na gane! Wallahi yau na gane kaina. Duk wahalar da na sha, ashe wannan nake nema. Yatsa ɗaya!”

Muzammil ya ce, “Haka ka ce ranar begila.”

“Begila ruɗi ce.”

“Haka ka ce ranar ogan. Ka ce ka gane kanka har ka yi hawaye a kan kafaɗata.”

“Wannan daban.”

Muzammil ya zaunar da shi kan lasifika ya ce, “Saurara. Na gaji. Bikin da ya wuce, uwar amarya ta tambaye ni ko ciwo ne ya kama ka. Ina son mai bes, gaskiya ne. Amma ba za ka sayo ta kasuwa ka musanya ta da sarewa ba kafin sati. In da gaske kake, ka sa a yi maka taka, daidai jikinka, wadda in ka kai kasuwa ba wanda zai kalla. In na ga wannan, na san ka zauna, wurin naka ne. In ba haka ba, da an gama ɗibar auduga an shiga bukukuwa, ka zauna gida. Halas, magana ta ƙare.”

Abin da ba ya musanyuwa? Abin da za ka tashi da shi yau, gobe ma shi, baɗi ma shi? Ya ji kamar an ce ya zaɓi miya ɗaya har ƙarshen rayuwa.

Ya koma gida yana saƙe-saƙe. Da safe ya ce zai sa a yi. Da hantsi ya tuna akwai wani abin kiɗa da ake kaɗawa da sanda. Da azahar ya ce ai mutum ba dutse ba ne. Da la'asar ya tuna kofunan gahawa suna rawa, ya ce a'a, sai bes. Har ya buɗe wa gonar maƙwabcinsa ruwa a madadin tasa.

Ranar kasuwa dai ya hau mota ya je wurin Usta Jibirin, kafinta a kasuwar Managil. Usta yana yin angareb, gadon nan na igiya, yana yin ƙofofi da katakon amalanke. Tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya ce bai iya abu ba. Mutuminka ya nuna masa hoton bes a bayan wani kaset. Hoton bai kai ɗan yatsa ba.

Usta ya kai shi kusa da hanci, ya nisanta shi, ya ce, “Wannan? Irinta nawa na yi!”

“Ka taɓa yi, Usta?”

“Ya zol, katako ne da waya. Katako nawa ne, waya ta ƙanena ce mai gyaran rediyo.”

“To, tsirkiya huɗu ko biyar?”

“Yadda ka so.”

“Huɗu. A'a, biyar. Tsaya. In an yi mata ɗan rami a wuya, za a iya busa ta in mutum ya gaji da kaɗawa?”

“Za a iya.”

“A bayanta kuma a shimfiɗa fata, ko da za a so ganga?”

“Za a iya.”

“Ƴan haƙora irin na ogan fa, a gefe?”

Usta ya ajiye zarto ya dube shi. “Kai jita kake so ko ƙungiya?”

“Bari dai in ƙara tunani.”

Usta ya ce, “Yi tunaninka. Amma abu na musamman ba a yin sa da ido. Ranar da ka yanke, ka aiko mini da awo. Tsawo da faɗi, na wanda zai zauna da ita har tsufa. A igiya ko a kara, duk ɗaya. Yadda awo ya zo, haka zan yanka, ba ƙari ba ragi.”

Ya dawo gida ya ce to, awo ai ba alkawari ba ne. Bari a auna a aika, tunani ya biyo baya. Ya nemi igiya, awaki sun cinye. Sai ya zaro karan dawa dogo daga danga, ya kira abokinsa Sa'idu, wanda suke ɗibar auduga tare. Sa'idu mutumin kirki ne, amma da za a zuba wayonsa a murfin kwalba, da sauran wuri.

Hajja Asabe ta fita bin awaki. Mutuminka ya ci tuwon rana ya ƙoshi, ya jawo angareb tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, ya miƙe samɓal.

“Auna ni daga kai zuwa dunduniya. Ka bari in rufe ido, yadda mai bes yake yi, don awon ya fito da yanayin.”

Sa'idu ya auna, ya karya kara daidai tsawonsa.

“Yanzu ka kai tasha ka ba direban Managil. Amma ka rantse ba za ka gaya wa kowa ko na mene ne ba. Ban yanke ba tukuna. In Muzammil ya ji, ya ɗaure ni.”

Sa'idu ya rantse. Ƙudaje suka dame mutuminka, ya jawo farin mayafi ya lulluɓa har ka. Tuwo ya yi aikinsa. Bacci.

Ƙauyen nan kuwa, kara mai tsawon mutum in ya fito daga gida, magana ɗaya yake faɗa, kuma wuri ɗaya ake kai shi. Da shi ake auna ramin kabari. Yaro ma ya san wannan. Sa'idu kaɗai ne bai tuna ba. Ya riƙo kara da hannu biyu don kada ya karye, ya sunkuyar da kai don kada a tambaye shi, yana tafiya a hankali ta tsakiyar gari.

Sai ga Baba Sodangi, dattijon da ke gaba a duk haƙan kabarin da aka yi a garin. Ya ga kara, ya ga fuskar Sa'idu, ya tsaya cak.

“Sa'idu, daga ina?”

“Gidan Hajja Asabe.”

“Innalillahi! Hajjar ce?”

“A'a, ɗan.”

“Mi ya same shi? Da safe na gan shi!”

Sa'idu ya yi ajiyar zuciya. “Baba, na rantse ba zan faɗa ba. Ya dai ci tuwo, ya kwanta, ya rufe ido.”

“Allahu akbar. Kawo karan, ba aikinka ba ne.”

“Ka san inda za a kai shi?”

“Tun ba a haife ka ba nake kaiwa!”

Sa'idu ya ji daɗi an rage masa tafiya, ya wuce hawasha abinsa.

Kafin inuwar darbejiya ta gusa, gari ya ɗauka. Maza sun tafi da diga, suna fama da baƙar ƙasar nan ta Jazira wadda da rani take komawa ƙashi. Wasu sun kafa rumfa a ƙofar gida. Mata sun cika tsakar gida, an ɗora shayi a babbar tukunya, ana hura wutar da akodiyon, ita ma tana taya su kuka. Ba wanda ya ɗaga mayafi, ana jiran uwar ta dawo, ana jiran liman ya dawo daga kasuwa.

Kukan akodiyon ne ya tashe shi. Ya buɗe ido cikin mayafi, ya ji ana ambatonsa, ana cewa Allah ya jiƙansa. Da fari ya tsorata, ya ciji yatsa, ya ji zafi. Har zai tashi, sai wani tunani ya zo masa. Ai yau ce ranar da zai ji abin da gari ke faɗa a kan kiɗansa. A gaban mamaci ba a rowar yabo. Ya lafe.

Wata ta ce, “Bawan Allah, bai da faɗa.”

Wata ta ce, “Bai da faɗa, sai dai begila.”

“Kayya, kar ki tuna mini. Ranar akuyata ta yi ɓari.”

“Udun dai ta fi sauƙi. Ba a jin ta daga nesa.”

“Allah ya sa can babu kasuwar kayan kiɗa.”

Duk suka ce amin. Amin ɗin har da na bayan danga.

Sai ya ji muryar uwarsa daga ƙofa, da kukan akuya da ake ja da kunne. Mata suka ba ta hanya. Ya ji takunta har bakin angareb. Ta tsaya. Shi bai sani ba, babban yatsan ƙafarsa ya leƙo daga mayafi, kuma tun ɗazu yana bin kukan akodiyon, dum, dum dum. Ya jira ta fasa ihu.

Ta ce, “Hmm.”

Can ta ce, “Sukarin wa aka zuba a shayin ga?”

Mata suka dubi juna, suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta, a bar ta.

Ana haka Muzammil ya shigo da gudu, da takalmi ƙafa ɗaya. Ya durƙusa gaban Hajja ya yi gaisuwa, ya juyo ya dubi farin mayafi.

“Allah sarki abokina. Ganga ka bari, udu ka bari, ogan ka bari. Duniya ba abin da ka taɓa zama a kansa.” Ya share hanci. “To, wannan dai ka zauna.”

Maganar ta soke shi har ƙashi. A gaban mata! Ya yi wurgi da mayafi ya miƙe tsaye bisa angareb.

“Ƙarya ne! Na yanke! A yi jitar!”

Ba a san ta inda mutane suka bi ba. Danga ta kwanta ta gabas, ta kwanta ta yamma. Wata tsohuwa da ake kawowa a kan jaki saboda ciwon gwiwa, ita ta riga kowa isa bakin tur'a. Kaza ta fito daga cikin udu ta bi sahu. Muzammil ya bar ɗaya takalmin. Hajja Asabe kaɗai ta rage, tana juye shayin a tulu don kada a yi asara.

Baba Sodangi ya iso, ƙasa har gira, diga a kafaɗa. Ya dubi mamaci a tsaye yana gyara hula. Ya karya karan nan a gwiwa, ya ƙara karyawa.

“Ramin fa? Wa zai shiga?”

“Ma'alesh, ka yi haƙuri, Baba, awon jita ne.”

“Awon mi? Ka ga tafina? Ka ɗauki shebur ka je ka cike shi da hannunka. Kuma wallahi in na sake ganin kara ya fito daga gidan ga, ko kana tafiya ko kana rawa, sai mun sa ka!”

Haka ya ƙarasa wunin yana cike raminsa. Ya dawo da yamma jiki duk ciwo, ya zauna ya yi tagumi. Ya faɗa a gaban gari cewa ya yanke, ba halin janyewa. Ga awo ya karye, ga kara an hana. Ya ba bango labari duka, har da abin da Usta ya ce a kawo, don ya san uwarsa na ji.

Sai ta ce, “Ni zan kai awon Managil. Ina da sayen barkono.”

Ya ɗago kai. Matar da ba ta taɓa cewa sannu da kiɗa ba!

“Inna, ke da kanki? Kina ganin in sa a yi?”

“A yi. Da katako mai kyau, wanda gara ba ta ci, ruwa ba ya ruɓarwa.”

Hawaye ya cika masa ido. “Ashe duk shekarun nan kina son kiɗana, kunya ce ta hana ki faɗa.” Ya miƙe ya buɗe hannuwa. “To, auna ni.”

“Ni na haife ka, sai na auna ka? A gaya wa wanga yau layinmu ne na ban ruwa.”

Ya kama hanyar hawasha yana tsalle. Da ya waiwaya ya hango ta da igiyar shanya a hannu ta nufi bayan gida, ya ce Allah sarki Inna, har yanzu tana fama da awakin nan.

Daga ranar gari ya shiga uku. Mutuminka ya fara koyon bes tun ba bes. Ya tsaya a kasuwa ido rufe, yatsa ɗaya na motsi a kan cibiya. A gaishe shi, ya gyaɗa kai a hankali. Ya gwada tafiya da ido rufe, aka tsamo shi daga tur'a. Ya ga wasu sababbin ƙusoshi biyu masu kauri a jikin turken ɗakin awaki, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya ce madalla, ya rataya hularsa a na saman. Sai dai wata rana yana wucewa ta wurin mai sayar da kaset, ya ji wani abin busa yana kuka kamar mace mai shagwaɓa. Ya tsaya. Ya tambaya. Aka nuna masa hoto, wani abu mai walƙiya, a lanƙwashe kamar lauje. Ya ce a'uzubillahi, ya toshe kunne ya wuce. Ya dawo ya sake saurara, don dai ya tabbatar ba ya so.

Aka gama ɗibar auduga. Ana saura kaɗan bikin farko, sai ga mota a ƙofar gida, Usta Jibirin a gaba ya sha rawani, abu a baya lulluɓe da buhuna. Gari ya taru. Muzammil ya zo ganin sharaɗinsa. Ƙarti huɗu suka kama, suna nishi, suka shigo da ita tsakar gida. Usta ya yaye buhu kamar mai buɗe amarya.

Koriya ce shar. Cikinta mai kusurwa huɗu, tsawo har haɓar mutum, faɗi kuwa hannu biyu ba sa rungume ta. Can a sama ɗan wuya ya leƙo kamar na kaza. Tsirkiya huɗu sun sauko tun daga wuyan har ƙasa. A gefe ɗaya zobban ƙarfe biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A ɗaya gefen, sakata.

Mutuminka ya zagaya ta. Ya sake zagayawa.

“Usta, ta hoton kamar tana da ƙugu.”

“Tsohon yayi ke nan. Yanzu a Jidda duk haka ake yi.”

“Zobban nan fa?”

“Na ratayawa ne. Hajja ta ce a sa masu ƙarfi.”

“Sakatar fa?”

“Ya zol, abu mai daraja ba a kulle shi? Ni yadda awo ya zo na yanka. Ko ɗan yatsa ban ƙara ba.”

Ya ce haka ne, ai Inna ta san jikinsa. Aka kawo igiyar guga aka zura a zobba, aka rataya masa a wuya. Ƙarti suka saki. Mutum ya ɓace. Hula kawai ake gani a sama, yatsun ƙafa a ƙasa. Hannu ya leƙo ta dama yana lalube, bai kai tsirkiya ba. Ya leƙo ta hagu, ya kama sakata.

Daga bayan katako murya ta ce, “Ana ganin idona a rufe?”

Sa'idu ya ce, “Ba a ganin komai.”

“To, a rufe yake.”

Ya yi ta miƙa har ya samu ya zuro ƙafa ta ƙasa, ya ja tsirkiya ɗaya da babban yatsa. Dummm! Tattabaru suka tashi daga masallaci. Tumatir ya gangaro daga kan ogan.

Muzammil yana ƙasa yana riƙe da ciki. Da ya samu numfashi ya tashi ya share hawaye ya ce, “Jama'a ku shaida. Na ce ya kawo wadda ba ta musanyuwa. Wallahi daga nan har Kamlin ba mai karɓar wannan ko da ƙari. Sharaɗi ya cika. Ga murya, kuma ba a ganin mai kiɗan, riba biyu. Ya zol, wurin naka ne. Alhamis ka zo da ita. Abu ɗaya kawai, ka zauna a kanta.”

Mata suka rangaɗa guɗa. Aka cire masa igiya, ya fito jiƙe sharkaf, wuya ya yi ja, yana haki yana dariya. Ya rungume Usta, ya rungume Sa'idu, ya rungume Baba Sodangi da bai so. Ya zo kan Muzammil ya rungume shi, ya daɗe. Sai ya sa baki a kunnensa. Shi a ganinsa raɗa yake yi, amma wanda ya taɓa busa begila ba ya iya raɗa.

“Wai ni kam, wanga abin busa mai lanƙwasa kamar lauje, shi yana da nauyi?”

Guɗa ta tsaya a maƙogwaro. Muzammil ya cire hannuwan mutuminka daga kafaɗarsa ɗaya bayan ɗaya.

“Halas,” in ji shi. Ya juya ya fita, bai ko tsaya karɓar takalminsa na rannan ba.

Hajja Asabe ta ajiye muciya ta taso. Ta dubi ƙartin nan huɗu.

“Ku kama mini.”

Suka kama, ta yi gaba suna bin ta har bayan gida. Ta cire wata hula daga kan ƙusa ta yar. Ta ce a ɗaga kaɗan. A sauke. Zobe na sama ya faɗa ƙusar sama, na ƙasa ya faɗa ta ƙasa. Ta tura da yatsa ɗaya, abu ya juya lumui ya rufe bakin ɗakin awaki, ko iska ba ta samu wurin wucewa ba. Ta ja sakata, ƙwas. Daga ciki wata akuya ta soki katakon da ƙaho. Dum. Dum dum.

Mutuminka ya dubi jita, ya dubi bakin ɗaki, ya dubi jikinsa.

“Inna, wai wa kika auna?”

Ta karkaɗe hannu, ta ce da bango, “Usta cewa ya yi a auna mai zama da ita har tsufa. A gaya wa wanga, shi tun ba a sauke ta daga mota ba ya tashi.”